Martin Ryle: Masanin da ya mai da ƙananan eriyoyi madubi ɗaya, ya mutu yana cewa da ma manomi ya zama

Ranar 10 ga Afrilu, 2019, kafofin yaɗa labarai na duniya suka cika da hoto guda, wani zobe mai launin garwashi da duhu a tsakiyarsa. Shi ne hoto na farko na abin da masana ke kira baƙin rami, wanda ke tsakiyar gungun taurari na M87, mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 55. Babu kyamarar da ta ɗauki hoton nan. Na'urori 8 masu sauraron igiyoyin rediyo daga sama ne, a warwatse daga Hawayi da Chile zuwa Sifaniya da ƙuryar kudancin duniya, suka tara bayanai a watan Afrilun 2017. Aka kwashe bayanan a jirgi, aka zuba wa kwamfutoci, masana suka yi ta rubuta musu umarni har lissafi ya haifi hoto.

Ginshiƙin wannan dabara, wato a haɗa abin da ƙananan na'urori suka ji a fitar da hoton da sai ƙatuwar na'ura guda ce za ta iya samarwa, aikin wani Baturen Ingila ne da ya riga ya mutu shekara 35 kafin ranar. Sunansa Martin Ryle. Yaƙi ne ya koya masa sana'arsa, ya gudu daga yaƙin ya fake da taurari, daga baya ya gane cewa yaƙin bai daina bin sawunsa ba.

Gida da ƙuruciya

An haifi Martin Ryle ranar 27 ga Satumba, 1918, a garin Brighton da ke bakin teku a kudancin Ingila, makonni kaɗan kafin a tsayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gidansu gidan ilimi ne. Mahaifinsa, John Ryle, likita ne da ya riƙe babbar kujerar farfesan likitanci a Jami'ar Kambirij, daga bisani ya koma Oksfod ya zama farfesa na farko a fannin da ke nazarin yadda talauci, muhalli da yanayin aiki ke haddasa cuta. Ɗan'uwan mahaifin, Gilbert Ryle, fitaccen malamin falsafa ne. Yaron ya tashi a gidan da ake auna amfanin ilimi da abin da ya tsinana wa jama'a, kuma wannan ma'auni ya dawo masa da ƙarfi a ƙarshen rayuwarsa.

Tun yana makarantar Bradfield hannunsa ya saba da waya da ƙusa. Ya harhaɗa na'urar aika saƙon rediyo da kansa, ya kuma sami lasisin amfani da ita. Ya karanta kimiyyar fiziks a kwalejin Christ Church ta Oksfod, ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya a 1939. Niyyarsa ita ce ya shiga ɗakin bincike na Cavendish a Kambirij, ƙarƙashin J. A. Ratcliffe, mai nazarin saman iskar da ke dawo da igiyoyin rediyo ƙasa, wanda shi ne dalilin da ya sa ake kama tashoshin gajeren zango daga nesa. Bai kai ga zama ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

Shekarun yaƙi

Gwamnatin Birtaniya ta kwashe matasan masana irinsa ta zuba su a cibiyar sirri da ke ƙera rada, na'urar da ke aika igiyar rediyo ta gano jirgi daga nesa. Da farko Ryle ya yi aikin eriyar da ake ɗora wa jiragen yaƙi. Daga baya aka ba shi jagorancin wani rukuni mai aikin toshe radar Jamusawa da ruɗa ta. Lokacin da dakarun ƙawance suka tsallaka teku suka sauka a Normandi ta Faransa a watan Yunin 1944, rukuninsa na cikin waɗanda suka shirya yaudarar da ta nuna wa na'urorin Jamus kamar wani ayarin jiragen ruwa ya nufi wani gefen gaɓar daban.

Aiki ne na gaggawa, wanda kuskure a cikinsa ke nufin mutuwar matuƙan jirgi. Ya fito daga shekaru shidan nan da gwaninta ta ban mamaki a harkar eriya da na'urar karɓar sigina, da al'adar yin aiki cikin sauri da kayan da ke hannu, da kuma gajiya da ƙyamar yaƙi. Da ya koma Cavendish a 1945, yana ɗan shekara 27, abin da yake nema shi ne fannin da ba shi da wata alaƙa da kisa.

Hayaniyar da ke zuwa daga sama

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo tsakanin tasha da tasha ya san ƙarar nan mai kama da zubar yashi. Wani ɓangare nata daga sama yake zuwa. Karl Jansky, injiniyan kamfanin Bell a Amurka, shi ya fara gano haka a farkon shekarun 1930, ya nuna cewa akwai ƙarar da ke fitowa daga tsakiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki. Manyan masana taurari ba su kula ba. Wani mai sha'awa, Grote Reber, ya gina kwanon sauraro mai faɗin kusan mita 9 a bayan gidansu a 1937, ya yi shekaru yana aikin shi kaɗai. A watan Fabrairun 1942 kuma, radar sojojin Birtaniya ta cika da hayaniya, aka zaci Jamusawa ne, sai James Hey ya gano cewa rana ce.

Ratcliffe ya ba Ryle shawarar ya bi diddigin wannan hayaniya ta rana. Nan ya ci karo da matsalar da ta zama aikin rayuwarsa. Kaifin ganin kowane madubin hangen nesa ya dogara ne ga faɗinsa idan aka gwada shi da tsawon zangon igiyar da yake kamawa. Zangon haske bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, shi ya sa ɗan ƙaramin idon mutum yake bambance abubuwa da kyau. Igiyar da Ryle ke saurare kuwa tsawon zangonta ya kai mita 1.7. Kafin kwanon sauraro ya yi kaifin ganin idon mutum a wannan zango, sai faɗinsa ya kusa kilomita 6. Babu ƙarfen da zai ɗauki irin wannan nauyi, babu kuma baitulmalin da zai biya.

Hikimar kunne biyu

Mutum yana gane inda kira ya fito ne saboda kunnuwansa biyu ne, sautin yana riga isa ɗaya kafin ɗayan da ɗan ƙanƙanin lokaci. A 1946 Ryle da abokin aikinsa Derek Vonberg suka kafa eriya biyu nesa da juna a wani tsohon filin koyon harbi da ke gefen Kambirij, suka haɗa su da waya zuwa na'urar karɓa guda. Yayin da rana ke ratsa sama, igiyoyin da ke isa eriyoyin biyu wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna, alƙalamin na'ura yana zana tudu da kwari a takarda. Daga yadda zanen ke sauyawa idan aka ƙara tazarar eriyoyin, ana iya lissafa girman abin da ke fitar da ƙarar. A watan Yulin shekarar wani babban tabo ya bayyana a fuskar rana, suka nuna cewa hayaniyar daga ɗan yankin tabon take fitowa.

Ba su kaɗai ke kan wannan hanya ba. A Ostireliya, Joseph Pawsey da Ruby Payne-Scott da Lindsay McCready sun yi amfani da eriya guda a kan dutsen bakin teku, ruwan yana zame musu kunne na biyu, kuma su ne suka fara rubuta cewa lissafin Joseph Fourier, Bafaranshen da ya mutu a 1830, shi ne mabuɗin mai da irin wannan zane hoto. Gasa tsakanin Kambirij da Sidni ta ɗauki shekaru, wani lokaci da zafi.

Ryle ya juya eriyoyinsa daga rana zuwa sauran sama. A 1948 shi da Graham Smith suka gano Cassiopeia A, wadda ta fi kowace majiyar rediyo ƙarfi a wajen da'irar rana da duniyoyinta. A 1951 Smith ya yi amfani da kwanuka biyu na radar Jamus da aka ƙwato a yaƙi ya auna matsayin wata majiyar, Cygnus A, daidai gwargwado. Da wannan awo Walter Baade da Rudolph Minkowski suka duba wurin da babban madubin Palomar na Amurka, suka tarar da wani gungun taurari mai nisan ɗaruruwan miliyoyin shekarun haske. Kafin nan Ryle ya dage cewa majiyoyin nan wasu taurari ne na kusa da mu, ya yi jayayya da Thomas Gold a kan haka. Da hujja ta bayyana ya sauya ra'ayi, kuma ya hango abin da ke cikin sauyin: idan ana jin abu mai wannan nisa da ƙarfi haka, to eriya za ta iya kaiwa inda madubin haske bai kai ba.

Rigima da Fred Hoyle

Duban nesa a sama duban baya ne a zamani, domin igiyar da ta iso yau ta baro gida tun da daɗewa. A lokacin masana sun rabu biyu. Wasu na ganin sararin samaniya yana da mafari, yana kuma sauyawa. Fred Hoyle da Hermann Bondi da Thomas Gold kuwa sun fito a 1948 da ra'ayin cewa yadda yake yau haka yake tun fil'azal, a ko'ina kuma a kowane zamani. Ryle ya ga hanyar raba gardama: a ƙirga majiyoyin rediyo. Idan raunana, waɗanda galibi su ne na nesa, sun fi yawan da lissafi ya yi hasashe, to zamanin da ya shuɗe ya bambanta da na yanzu.

Jerin farko na Kambirij, a 1950, ya ƙunshi majiyoyi 50. Na biyu, a 1955, ya ƙunshi 1,936, kuma raunana sun yi yawa ƙwarai. Ryle ya tsaya a Oksfod a shekarar ya bayyana cewa ra'ayin su Hoyle ya rushe. Ya yi gaggawa. Bernard Mills na Sidni ya duba yanki ɗaya na sama da tasa na'urar, jerin biyu suka ƙi haɗuwa. Ashe na'urar Kambirij tana cakuɗa raunanan majiyoyi biyu ko uku ta nuna su a matsayin guda, don haka da yawa daga abin da ke cikin jerin babu su. Abin ya zubar da ƙimar rukunin na ɗan lokaci, kuma Hoyle bai bar damar ta wuce ba.

Ryle mutum ne mai saurin fushi, mai ɓoye sakamakon bincike har sai ya gama, kuma bai iya ɗaukar suka a bainar jama'a ba. Gabar da ke tsakaninsa da Hoyle, alhali jami'a ɗaya suke, ta wuce ta ilimi ta zama ta zuciya. Amma amsar da ya bayar ta aiki ce. Jeri na uku, a 1959, ya tsaya a majiyoyi 471 da aka tantance. Har yau da lambobinsa ake kiran abubuwa da dama a sama, kamar 3C 273 da Maarten Schmidt ya gano nisanta mai ban tsoro a 1963. A watan Fabrairun 1961 Ryle ya gabatar da sabon ƙidaya a Landan: rarar raunanan majiyoyi ba ta kai yadda ya faɗa da farko ba, amma tana nan daram. Jaridun Ingila suka buga labarin a shafin farko. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka gano ɗumin da ya saura daga farkon sararin samaniya, mafi yawan masana suka bar ra'ayin Hoyle.

Kwamfuta ta zama rabin madubi

Kuskuren 1955 ya koya wa Ryle cewa abin da yake buƙata shi ne kaifin gani. Hanya ɗaya ita ce ta Bernard Lovell, wanda ya kammala kwano mai faɗin mita 76 a Jodrell Bank a 1957, bayan kuɗin aikin ya zarce ƙiyasi ya jefa shi cikin bashi mai nauyi. Ryle ya bi wata hanyar.

Tunaninsa shi ne: ƙaton kwano ba komai ba ne illa ƙananan guntaye masu yawa da ke aiki tare, kuma abin da ke ɗauke da bayanin hoto shi ne alaƙar kowane guntu biyu. Tunda mafi yawan abubuwan da ke sama ba sa sauyawa daga yau zuwa gobe, ba dole ba ne guntayen su kasance a wurin a lokaci guda. Manomin Jakusko da ba shi da halin kiran gayya yana iya nome babbar gona da fartanya ɗaya, kunya bayan kunya, domin gonar ba ta gudu. Haka za a ɗauki eriya biyu, a auna, a matsar da ɗaya, a sake aunawa, a adana kowane awo, har a cike duk tazarar da ke cikin faɗin kwanon da ba a gina ba. Daga nan sai lissafin Fourier ya harhaɗa su.

Wannan lissafi ya fi ƙarfin alƙalami da takarda. Sa'ar Ryle ita ce Kambirij na da ɗaya daga kwamfutocin farko a duniya, EDSAC, wadda Maurice Wilkes da mutanensa suka tayar a 1949. Ɗalibinsa John Blythe ya gwada dabarar da ita a tsakiyar shekarun 1950. A 1957 aka buɗe sabuwar cibiyar sauraron sama a Lord's Bridge, kilomita kaɗan daga Kambirij, da gudummawar fam 100,000 daga kamfanin Mullard. A 1960 Ryle da Antony Hewish suka wallafa cikakken bayanin hanyar.

Sai ya ƙara wani mataki. Duniya da kanta tana juyawa, don haka eriya biyu da aka jera gabas da yamma, idan aka dube su daga sama, ɗaya tana kewaya ɗaya, kuma cikin awa 12 sun share da'ira. Ke nan duniya ce za ta ɗauki rabin wahalar matsar da eriya. Ryle da ɗalibarsa Ann Neville suka gwada haka a kan yankin da ke kewaye da tauraron arewa. An huda bayanan a dogon zaren takarda aka ciyar da EDSAC 2, David Wheeler kuma ya tsara hanyar gaggauta lissafin, shekaru kafin irinta ta shahara a duniya a 1965. Taswirar da suka wallafa a 1962 ta nuna cewa dabarar tana aiki. Daga ranar, madubin rediyo ya zama abu biyu: ƙarfe a fili, da umarnin da aka rubuta wa kwamfuta. Idan babu na biyun, na farkon tarin lambobi kawai yake bayarwa.

Madubi a kan layin dogo

A 1964 aka kammala na'urar da ake kira Madubin Mil Ɗaya: kwanuka 3, kowanne mai faɗin mita 18, biyu a kafe, ɗaya yana tafiya a kan dogo mai tsawon kusan mita 800. Sabuwar kwamfutar jami'ar, Titan, ita ke haɗa hotunan. Da ita aka ga siffar gungun taurari masu fitar da rediyo, yadda suke da manyan kumbura biyu hagu da dama.

A ƙarshen shekarun 1960 aka rufe layin dogon da ya ratsa ta gefen cibiyar, wanda a da yake haɗa Kambirij da Oksfod. Mutanen Nguru, inda dogon da ya taso daga Kano ya tsaya tun 1930, sun san yadda tasha take zama idan jirgi ya yi ƙaranci. Ryle ya ga wani abu a wannan kufai: miƙaƙƙen fili da ya doshi gabas da yamma. A kansa aka jera kwanuka 8 masu faɗin mita 13, huɗu a kafe, huɗu masu motsi, aka buɗe Madubin Kilomita Biyar a 1972. Kaifin ganinsa ya kama ƙafar manyan madubai na haske. Daga baya aka sa masa sunan Ryle.

Ɗan Najeriya a cikin rukunin

Cikin ɗaliban da suka yi aiki a wannan cibiya akwai Samuel Okoye, wanda aka haifa a 1939, ya karanta fiziks a Ibadan, ya tafi Kambirij neman digirin digirgir ƙarƙashin Hewish. A tsakiyar shekarun 1960 shi da Hewish suka gano wata ƙanƙanuwar majiya mai tsananin ƙarfi a cikin gajimaren Crab, ragowar tauraron da masana Sin suka ga fashewarsa a 1054. Ba a san ko mece ce ba a lokacin. A 1967 wata ɗalibar Hewish, Jocelyn Bell, ta lura da wani sigina mai bugawa kamar zuciya a takardun sabuwar eriya, aka gano wani nau'in matattun taurari masu juyawa da sauri. Ba da jimawa ba aka tabbatar cewa abin da Okoye ya gani ɗaya ne daga cikinsu. Okoye ya dawo gida ya zama farfesa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya dasa wannan fanni a can, ya mutu a 2009.

Girmamawa ta yi ta zuwa wa Ryle: ɗan Ƙungiyar Masana ta Masarautar Ingila a 1952, farfesan farko na wannan fanni a Kambirij a 1959, lambar Sir a 1966, Masanin Taurari na Masarauta daga 1972 zuwa 1982. A 1974 shi da Hewish suka sami kyautar Nobel ta fiziks, karo na farko da aka bayar da ita kan binciken taurari. An yaba wa Ryle kan dabarar haɗa eriyoyi, Hewish kuma kan taurari masu bugawa. Ba a sa sunan Bell ba, kuma Hoyle na cikin waɗanda suka fito fili suka soki haka.

Gadon da ke cikin baƙin allo

A shekarar ta 1974, Jan Högbom, ɗan ƙasar Siwidin da ya yi karatu a rukunin Ryle, ya wallafa hanyar da ake kira CLEAN. Idan ba a cike duk tazarar eriyoyi ba, hoton yakan fito da zobba da layukan ƙarya kewaye da kowane abu mai haske. Hanyar Högbom tana neman wuri mafi haske, ta cire shi tare da dattin da ya jawo, ta maimaita sau ɗaruruwa ko dubbai, sannan ta mayar da abin da ta cire a tsabtace. Da ita aka sami damar haɗa hoto ko da eriyoyin a warwatse suke ba tsari.

Da yawa daga manyan na'urorin da suka biyo baya a kan wannan tushe suke. VLA ta jihar New Mexico, da aka buɗe a 1980, kwanuka 27 ne, wato tagwaye 351 da ake gwada siginarsu a lokaci guda. MeerKAT ta Afirka ta Kudu, da aka ƙaddamar a 2018, kwanuka 64 ne, tagwaye 2,016. Gana ta mai da wani tsohon kwanon sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na'urar sauraron sama a 2017.

Jikokin zaren takardar Ann Neville su ne manhajojin AIPS da MIRIAD da CASA. Mai aiki da su yana zaune ne gaban allo yana rubuta umarni layi bayan layi. A MIRIAD, alal misali, umarnin invert yana mai da awon eriyoyi ɗanyen hoto, clean yana share dattin, restor yana fitar da tsabtataccen hoto, linmos kuma yana ɗinke hotunan yankuna maƙwabta su zama babbar taswira guda, yana ba tsakiyar kowane hoto nauyi fiye da gefensa, domin a tsakiya kwano ya fi ji. Masana sun riƙe wannan salo saboda umarnin da aka rubuta ana iya adana shi, a maimaita shi kan dubban fayiloli, wani kuma ya bi sawu ya gano inda aka yi kuskure. Wanda ya san labarin jerin 1955 ya san darajar haka.

Manhajojin nan kyauta ne, kuma cibiyar da ke kula da VLA tana buɗe rumbun bayananta ga kowa bayan ɗan wa'adin da ake ba masu binciken farko. Ɗalibin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da ya sami kwamfutar cinya, wutar da za ta riƙe ta da intanet mai ƙarfi yana iya sauke bayanan da aka tara a hamadar Amurka ya haɗa hotonsa. Kwamfutar da ke hannunsa ta fi EDSAC 2 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Shekarun ƙarshe

Ryle ya auri Rowena Palmer a 1947, suka haifi ɗa ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Hutunsa shi ne ƙera kwale-kwale da tuƙa shi a teku. Daga tsakiyar shekarun 1970, lafiyarsa ta fara ja baya, aka yi masa aiki a huhu saboda ciwon daji, hankalinsa kuma ya bar taurari ya koma ƙasa.

Ya fito yana adawa da tashoshin wutar nukiliya, bisa hujjar cewa ba a iya raba su da ƙera bam, kuma sharar da suke bari za ta zama nauyi a kan jikokin da ba a shawarce su ba. A 1977 ya wallafa maƙala a mujallar Nature yana lissafa cewa iska, idan aka haɗa ta da hanyar adana zafi, za ta iya biya wa Birtaniya buƙata mai yawa, musamman da yake ta fi kaɗawa a lokacin sanyi, lokacin da aka fi neman wuta. Ya sa ƙwarewarsa ta injiniya a gwajin injinan iska a Kambirij. Jami'an makamashi na lokacin ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Yau iska na cikin manyan hanyoyin da Birtaniya ke samun lantarki. A 1981 ya fitar da ɗan littafi yana gargaɗi kan tseren makaman nukiliya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne nasa aikin. Ya zaɓi taurari ne don yana ganin babu fannin da ya fi su nisa da yaƙi, sai ga shi dabarun haɗa eriyoyi da tace sigina sun shiga radar soja da na'urorin farautar jiragen ƙarƙashin teku, ɗaliban da aka horar a fannin kuma masana'antun makamai suna ɗaukarsu aiki. A 1983 ya rubuta wasiƙa ga Carlos Chagas, shugaban Cibiyar Kimiyya ta Fadar Paparoma, wadda aka buga bayan mutuwarsa. A ciki ya nuna cewa wayon ɗan Adam ya ƙaru ƙwarai amma hikimarsa ba ta bi sahu ba, ya yi tambaya ko ya dace a ci gaba da wasu nau'o'in bincike alhali mutane da yawa ba su da abinci da ruwa mai tsabta, ya kuma bayyana cewa a ƙarshen rayuwarsa ta kimiyya yana jin da ya fi masa alheri ya zama manomi tun 1946.

Martin Ryle ya mutu a Kambirij ranar 14 ga Oktoba, 1984, yana da shekara 66. Shekarar da ya ambata a wasiƙar, 1946, ita ce shekarar da ya kafa eriyoyinsa biyu na farko a tsohon filin koyon harbi.